Shekara 11 Ina Cin Bashin Barci Ban Sani Ba

Ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya ce ta dawo da ni. Na buɗe ido na ga motata ta bar kwalta, rabinta yana gefen titi, ga turken fitila yana tunkaro ni. Na murɗa sitiyari, na taka birki da dukkan ƙarfina, motar ta ja ƙasa ta tsaya. Daga kujerar baya 'yata, wadda shekararta 6 a lokacin, ta ce: "Abba, me ya sa ka rufe ido?"

Na kasa ba ta amsa. Hannuna sai rawa yake a kan sitiyari. Ƙarfe 4 ne na yamma, rana tana nan da sauranta, na ɗauko ta daga makaranta, kuma a iya sanina ban ji barci ba. Abin da ya fi tsorata ni ke nan har yau. Ban yi hamma ba, idona bai yi nauyi ba, ban yi gyangyaɗi ba. Ina cikin tuƙi, sai kawai ga tsakuwa. Da dare na zauna na yi lissafi, tunda lissafi ne sana'ata. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. In daƙiƙa 4 idona ya yi a rufe, to mun yi kusan mita 70 babu direba, ni da yarinyar nan. An ce barci ɓarawo ne. Ranar na ga abin da ya so ya sace mini, Allah ne kawai ya tsare.

Ni akanta ne. Na fara gajarta barcina lokacin da nake haɗa aiki da ƙaro karatu: aiki da rana, littafi da dare, in kwanta ƙarfe 12 da rabi ko 1, in tashi kafin 6. Karatun ya ƙare bayan shekara 3, amma ɗabi'ar ta zauna daram. Gurbin littafi sai aikin ofis da nake kwasowa gida ya cike shi, daga baya kuma waya ta karɓa. Awa 5 ya zama rabona a kowane dare, ƙarshen wata lokacin rufe asusu kuwa har ƙasa da haka. Kuma ina alfahari da abin. Duk wanda ya ce mini "ka riƙa hutawa", amsata ɗaya ce: jikina ya saba. Na yarda da wannan magana har cikin zuciyata.

Alamu kuwa sun yi ta zuwa, ni ne na yi ta ba su wasu sunaye. Mantuwa na ce yawan aiki ne. Kurakuran da suka fara shiga lissafina, in rubuta 69 a madadin 96, na ce gaggawa ce. Mura da ke kama ni kowane lokaci na ɗora wa sauyin yanayi. Ƙiba ta fara, yunwar dare ta dame ni, na ce shekaru ne. Wadda ban samo mata suna ba ita ce saurin fushi. Wata rana, tun kafin abin da ya faru a mota, matata ta jira yara suka kwanta, ta zauna kusa da ni ta ce: "Baban yara, ka lura yaran nan ba sa zuwa wurinka da yamma? Tsoronka suke ji." Maganar ta soke ni, na yi kwana biyu ina juya ta, sai dai ko kusa ban haɗa ta da barci ba.

Kwana 2 bayan abin mota na je ganin likita, matata ta raka ni. Ya auna jinina ya ce ya ɗan hau. Sai ya juya wurinta ya tambaye ta ko ina minshari mai ƙarfi, ko ta taɓa ganin numfashina ya ɗauke cikin barci sannan na farka da shaƙuwa. Ya yi mana bayanin cewa akwai cutar da maƙogwaro ke toshewa sau da yawa cikin dare, mai ita yana iya yin awa 8 a kan gado ya tashi kamar bai kwanta ba, kuma tana da magani, har da na'urar da ke hura iska ta hanci. Na ambaci wannan ne don duk mai irin wannan alama kada ya tsaya gyaran ɗabi'a kawai, ya je a duba shi. Ni dai ba ita ce damuwata ba.

Daga nan ya tambaye ni: "Malam, in ka kwanta, minti nawa kake yi kafin barci ya ɗauke ka?"

Na ce: "Likita, ko minti 2 ba na yi. Ina ɗora kaina a filo shi ke nan." Na faɗa ne a matsayin shaidar cewa barcina lafiya lau yake.

Ya girgiza kai. Ya ce mai samun isasshen barci yakan ɗauki minti 10 zuwa 20 kafin ya tafi. Wanda ke sulalewa cikin ƙasa da minti 5 kullum, wanda ke gyangyaɗi da zarar ya zauna a taro ko a gaban talabijin, yawanci mayunwacin barci ne. "Mai ƙoshi ba ya wawura," in ji shi. Ya kuma gaya mini sunan abin da ya same ni a mota: ɗan guntun barci na daƙiƙoƙi kaɗan da ƙwaƙwalwa ke ƙwata da ƙarfin tsiya idan an daɗe ana tauye mata haƙƙi, ba tare da ta nemi izinin mai ita ba.

Na koma gida na shiga karatu a kan barci kamar zan zauna jarrabawa. Binciken da ya karya mini gardamata shi ne wanda Hans Van Dongen da David Dinges da abokan aikinsu suka fitar a 2003 a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. Sun ɗauki lafiyayyun mutane suka raba su: wasu awa 8 a gado, wasu 6, wasu 4, har kwana 14 a jere, ana gwada saurin hankalinsu kullum. Masu awa 8 ba su canja ba. Sauran kuwa kullum ƙara lalacewa suke, har zuwa ƙarshe masu awa 6 suka koma kamar wanda ya kwana guda cur bai runtsa ba, masu awa 4 kamar wanda ya yi kwana 2. Inda abin ya taɓa ni shi ne nan: da aka riƙa tambayarsu yadda suke ji, bayan 'yan kwanakin farko sai suka riƙa cewa barcin da suke ji bai ƙaru sosai ba. Aikinsu yana ta zubewa, su kuma suna ganin sun saba. Kalmata ce wannan, "na saba". Na karanta wurin sau 3. Ana cewa jiki magayi, gaskiya ne, amma wanda zai saurari jikin ai ƙwaƙwalwa ce, ita ce kuma rashin barcin ya fara dakushewa. Ma'aunin da nake auna kaina da shi tsawon shekara 11 shi kansa a karkace yake.

Duk da haka na nemi mafaka. Na ji labarin cewa akwai mutanen da halittarsu ce gajeren barci, na ce wataƙila ina cikinsu. Akwai su kuwa. A 2009 Ying-Hui Fu da ayarinta a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko sun gano wata uwa da 'yarta masu wani sauyi a ƙwayar gado mai suna DEC2, suna barcin kusan awa 6 da kwata su tashi garau, alhali sauran danginsu suna yin awa 8. Sai dai irinsu ƙalilan ne ƙwarai, kuma haka suke tun suna yara, ba sa dogara da kofi, ba sa ramuwar barci ranar hutu. Ni kuwa kofi 4 nake sha a rana, ranar da babu aiki in kai ƙarfe 11 ina kwance. Su ma ɗin awa 6 ne nasu, ni ina kan 5. Mafakar ta rushe.

Alƙaluman da masana suka bayar a bayyane suke. A 2015 Gidauniyar Barci ta Ƙasa a Amurka ta ce baligi mai shekara 18 zuwa 64 yana buƙatar awa 7 zuwa 9, wanda ya kai 65 awa 7 zuwa 8, matashi mai shekara 14 zuwa 17 awa 8 zuwa 10, ɗan makaranta mai shekara 6 zuwa 13 kuwa awa 9 zuwa 11. Amma ni mai aikin lissafi, tsakanin 7 da 9 tazara ce babba. Awa 2 kowane dare, awa 14 ke nan a mako. Ina ne nawa a ciki? Likita ya ce babu gwajin jinin da zai faɗa mini, sai dai in bar jikina ya faɗa da kansa, ya kuma koya mini yadda ake yi.

Na ɗauki hutuna na shekara, mako 2, ban yi tafiya ko'ina ba. Na sayi ƙaramin littafi na ja layuka kamar littafin shiga da fita: lokacin da na kashe fitila, kusan lokacin da barci ya ɗauke ni, sau nawa na farka, lokacin da na tashi, da yadda na ji da misalin ƙarfe 3 na rana. Sharaɗin shi ne in kwanta lokaci ɗaya kullum, in kashe ƙararrawar waya, in bar jiki ya tashi da kansa. Kofi tun mako guda kafin hutun na fara rage shi kaɗan-kaɗan, duk da haka sai da na sha ciwon kai na kwana 3.

Daren farko na yi awa 10 da minti 20. Na biyu kusan awa 10. Na tashi da nauyin jiki, magagi ya daɗe bai sake ni ba, har na fara tunanin ko yawan barcin ne ba ya karɓa ta. An riga an gargaɗe ni cewa kwanakin farko biyan bashi ne, kada in saka su cikin lissafi. Daga dare na 6 abin ya fara daidaita: awa 8 da minti 5, awa 7 da minti 40, awa 7 da minti 50. Na tara darare 8 na ƙarshe na raba, ya ba ni awa 7 da minti 45. Na daɗe ina kallon wannan lamba. Ashe kowane dare ina tauye wa kaina awa 2 da minti 45, fiye da awa 1,000 ke nan a shekara.

Abin da na ji a mako na biyun nan yana da wuyar faɗa. Kamar an goge gilashin da na daɗe ina kallon duniya ta cikinsa. Ina karanta shafi sau ɗaya in gane. Ɗana ya zubar da ruwa a kan takarduna, na ji kaina ina cewa "ba komai, ɗauko tsumma", shi kuwa ya tsaya yana kallona yana jiran tsawar da ba ta zo ba. Wannan kallon nasa ya sa na shiga ɗaki na yi hawaye. Mafarki ma ya dawo mini, bayan na yi shekaru ina cewa ni ba na mafarki. Daga baya na gane dalili. Barci zagaye yake yi, kowane zagaye kusan minti 90, sau 4 zuwa 6 a dare. Barci mai nauyi, wanda jiki ke gyara kansa a ciki, ya fi yawa a farkon dare. Barcin da ido ke kai-kawo a ƙarƙashin fata, wanda Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano a Jami'ar Shikago a 1953, kuma wanda aka fi yin mafarki a cikinsa, ya fi tsawo a zagayen ƙarshe wajen wayewar gari. Mai yanke barcinsa a awa 5 wannan ɓangaren yake datsewa fiye da kowanne.

Matata ma ta gwada daga baya, nata ya tsaya a kusan awa 7, kuma ita tun ƙarfe 9 idonta ke rufewa, ta tashi da sassafe cikin walwala. Yayana kuwa sai dare ya raba yake samun kansa. Gado ɗaya muke kwana da matata amma kusan awa guda ce tsakanin buƙatata da tata, shi ya sa ba na ba kowa lambata in ce ya bi.

Sanin lamba abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da nemo mata wuri. Dole in tashi ƙarfe 5:45. Na ƙara rabin awa na shiga barci da 'yar farkawar tsakar dare, sai lissafi ya nuna in kashe fitila ƙarfe 9:30. Awa 3 cur zan ciro daga darena, kuma kowace a cikinsu akwai abin da ya mallake ta. Waya ta koma kwana a falo. Talabijin na dare ya tafi. Mafi wuya shi ne aikin ofis. Na shiga wurin shugabana na ce: "Yallaɓai, ina neman alfarma. Daga yanzu duk saƙon da ya zo bayan ƙarfe 8 na dare, da safe zan amsa shi." Na gaya masa abin da ya faru a mota ban ɓoye komai ba. Ya yi shiru, sannan ya ce mu gwada wata guda mu gani. Watan nan na rufe asusu da wuri fiye da yadda na saba, saboda na daina ɓata safiya wajen farautar kurakuran da na yi da tsakar dare.

Sai kuma wata jarrabawa da ban zata ba. Wajen wata na 3 barcin ya ƙaurace wa idona. Na damu da shi har ya zama mini kamar aikin da za a duba. In kwanta 9:30, in duba agogo 10:15, in fara lissafin abin da ya rage, zuciyata ta fara bugawa. Ni da a da ko minti 2 ba na yi, sai ga ni ina juyi har ƙarfe 1. Na koma wurin likita ina roƙon ya rubuta mini ƙwaya. Ya ce mu fara da wata hanya tukuna, wadda masanin halayyar ɗan Adam Richard Bootzin ya tsara tun 1972. Kada in hau gado sai na ji barci na gaske. In na yi kamar minti 20 ido biyu, in tashi in koma wani ɗaki mai ƙarancin haske, in yi wani abu mai sanyi kamar karatu, sai barci ya zo in dawo. In juya fuskar agogo bango. Sannan, ko awa nawa na samu, in tashi 5:45 ba fashi. Ya ce ƙwaƙwalwata ta fara haɗa gado da fargaba, so ake ta koma haɗa shi da barci. Ya kuma gaya mini cewa tun 2016 Kwalejin Likitocin Amurka ta ba da shawarar a fara da irin wannan gyaran tunani da ɗabi'a ga mai daɗaɗɗen rashin barci kafin a kai ga ƙwaya. Makon farko na wahala ƙwarai. Cikin mako na 3 barcin ya dawo da kansa, ranar da na daina farautarsa.

A nan na fahimci cewa igiya biyu ce ke jan barci. Ta farko wani sinadari ne mai suna adenosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da mutum ya farka, yana ƙara masa nauyin barci har dare. Kafeyin da ke cikin kofi da shayi toshe wurin da adenosin ke kamawa yake yi, gajiyar tana nan, jinta ne aka ɓoye. Kuma yakan ɗauki kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, wato kofin da nake sha ƙarfe 5 na yamma rabinsa yana nan ƙarfe 10 na dare. Yanzu kofi 1 nake sha, da safe. Igiya ta biyu agogon cikin jiki ne, wanda binciken yadda yake aiki ya sa aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017. Haske ne ke saita shi. Hasken safiya yana gaya masa gari ya waye, duhu kuma yana sa jiki ya saki melatonin, sinadarin da ke shirya shi ga barci. Don haka ina tashi nake fita waje in yi tafiyar minti 15, da dare kuma mu rage fitilu awa guda kafin kwanciya, in tabbatar ɗakin ya yi duhu da sanyi gwargwadon hali. Ramuwar barcin ranar hutu ita ce na fi jin zafin rabuwa da ita, amma na ga yadda kwanciya har 11 ke tura agogona gaba, daren da zan koma aiki in kasa barci, mako ya fara da sabon bashi. Yanzu ko ranar hutu ba na wuce awa guda a kan lokacina.

Shekara 3 ke nan. Jinina ya sauka ya daidaita. Duk shekara in na ɗauki hutu nakan ɗauko littafin nan in sake aunawa, bana ya ba ni awa 7 da minti 35. Akwai dararen da ba na cika lambar, yaro ya yi zazzaɓi, ko aiki ya taso da gaske. Irin wannan rana nakan yi ɗan barcin minti 20 bayan tsakar rana in da hali, kuma na ɗaukar wa kaina alkawarin da ba na karyawa: in barcina bai kai awa 6 ba, ba na tuƙi mai nisa, in kuma na ji ko hamma biyu a jere a kan hanya, tsayawa zan yi.

Watan jiya ƙaramin ɗanmu ya kwana yana tari, ban samu fiye da awa 4 ba. Babu wanda zai ɗauko yayarsa daga makaranta sai ni. A hanyar dawowa na yi hamma, na sake yi. Na kunna sigina, na shiga wani wurin ajiye motoci mai inuwa, na kashe mota, na sassauta gilasai. Shekararta 9 yanzu, kuma ta san labarin tsakuwar nan domin na ba ta shi da bakina. Ban ce komai ba ta miƙo hannu ta karɓi wayata ta duba lokaci.

"Abba, ka kwanta. Ƙarfe 4:25 zan tashe ka."

Na kwantar da kujera na rufe ido, ina jin ƙarar fensirinta a kan littafin aikin gida. Da lokaci ya yi ta taɓa kafaɗata. Na wanke fuska da ruwan gora, na tada mota, muka isa gida kafin 5.